Kundin labarin wasa: a nuna guraben da ke kulle ko a ɓoye su?

Gajere:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, don abin nan ya tsaya min a rai.

Shekara ɗaya da rabi ke nan ina haɗa wani ɗan wasan bidiyo ni kaɗai. Labarin wani tsibiri ne da mutanensa suka watse, mai wasa yana yawo cikin kangayen gidaje yana tsintar wasiƙu da guntayen takardu. Duk abin da ya tsinta sai ya shiga wani kundi a cikin menu, inda zai koma ya karanta in ya ga dama. Shafi 64 na rubuta, kuma a nan na zuba duk ƙarfina. Dalilin watsewar tsibirin ma yana shafi na 51.

Makon jiya na ba mutum shida su gwada, na zauna a bayansu ban ce uffan ba. Da zarar jan ɗigon da ke nuna an samu sabon shafi ya fito a kan tambarin kundin, sai mutum ya buɗe, ya danna sabon shafin, ya rufe kafin ƙiftawar ido. Ba karatu yake yi ba, ɗigon yake kashewa. Ɗaya daga cikinsu ta gama wasan tsaf, ta juyo ta tambaye ni wai me ya kori mutanen. Shafi na 51 kuwa yana nan a buɗe a kundinta. Na kwana da abin a raina.

Yanzu shafukan da ba a samu ba a ɓoye suke gaba ɗaya. Shin in nuna gurabensu da alamar tambaya, in sa lissafi irin 12 cikin 64, ko hakan zai sa a damu da su?

Ɗan Tsintuwa:
Wa alaikumus salam. Ni ɗan wasa ne zalla, ban iya haɗa komai ba, amma ni ne irin mutumin da kake yi wa kundin. Ka nuna guraben. Gurbin da ba a cike ba ƙaiƙayi yake yi, sai an sosa. Dubi Pokémon na farko da ya fito a Japan a 1996: halittu 151, kowace da lambarta. In kana da 24 kana da 26, ba sai wani ya faɗa maka akwai 25 ba, idonka zai riƙa komawa wurin. Kuma sun raba abin gida biyu, wanda ka gani da wanda ka kama. Ganin kawai ya isa ya sa maka sunansa da hotonsa, amma bayanin sai ka kama shi.

Roƙona ɗaya: kada ka sa abin da in ya wuce ya wuce ke nan. A Metroid Prime na 2002 akwai bos-bos, wato manyan abokan gaba, da sau ɗaya ake haɗuwa da su, in ba ka haska su da gilashin bincike ana cikin faɗa ba, gurbinsu ya zauna fanko har ƙarshen wasan. Na taɓa kai wa kusan ƙarshe kafin na gano na rasa ɗaya. Na ajiye wasan wata guda ban taɓa shi ba.

Anti Alƙalami:
Ƙanina Gajere, sannu da ƙoƙari. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Ka tambayi batun gurabe, alhali matsalar tana shafi na 51.

Yarinyar nan da ta tambaye ka me ya kori mutanen, ai ta nuna maka ta damu da labarin. Da ba ta damu ba, ba za ta tambaya ba. Kai ne ka ɗauki amsar da ta fi buƙata ka kai ta ɗakin da babu dole ta shiga. Duk abin da in babu shi ba za a fahimci wasan ba, wurinsa cikin wasan ne: a gan shi da ido, a ji shi a bakin wani, ko a taka shi da ƙafa. Kundi na mai neman ƙari ne.

Manyan kamfanoni ma sun faɗa wannan ramin. Final Fantasy XIII tun daga farko mutanen ciki suna ta ambaton fal'Cie da l'Cie kamar kowa ya san su, cikakken bayanin kuwa yana cikin kundin menu, mutane da yawa suka yi ta ƙorafi. Na Destiny a 2014 ya fi muni. A lokacin, kana cikin wasa za a ce maka ka samu katin labari na Grimoire, amma ba za ka iya karanta shi a cikin wasan ba, sai ka je shafin intanet na Bungie, kamfanin da ya yi wasan, ko manhajarsu ta waya. Kuma rubutun da ke katunan nan mai kyau ne ƙwarai, abin da ya fi ba ni takaici ke nan. Sai a Destiny 2, da ƙarin Forsaken na 2018, suka shigo da littattafan labari cikin menu na wasan.

Gajere:
Na gode Anti. Amma to Dark Souls fa? Su ma kusan komai a ɓoye yake cikin bayanin kaya, kuma mutane har yau suna tona labarin. Irin wannan na so in yi.

Anti Alƙalami:
Koma ka sake dubawa da kyau. A Dark Souls rubutun yana jikin abin da kake amfani da shi ne, takobi ko zobe ko makulli. Ka buɗe don ka ga amfanin zoben, sai idonka ya faɗa kan jimla biyu ko uku game da mai shi na da. Ba a ce maka je ka ɗakin karatu ba, karatun ne ya same ka a inda kake. Sannan gajere ne. Kai shafinka kalma nawa ne?

Gajere:
Wasu sun kai 400.

Tauraruwa:
To ka ga. Ni aikina zanen menu ne, bari in shigo ta nan.

Mutum yana tsakiyar wasa, hannunsa a kan maɓalli, hankalinsa na kan ƙofar da ke gabansa. Ka dakatar da shi da kalma 400 a jere, wataƙila ma a talabijin yake kallo daga nesa da ƙananan haruffa. Ba zai karanta ba, ko da rubutun zinariya ne.

Jan ɗigon nan kuma kai ka koya musu abin da suka yi. Ka sa alamar da ke damun ido, ka sa hanyar kashe ta ita ce danna shafin. Sai suka bi gajeriyar hanya. In za ka bar shi, bar shi a cikin kundin kawai, a gefen sabon shafi, kada ya biyo mutum har allon wasa. Ka kuma sa maɓalli guda da zai share su duka, don wanda ba ya son karatu ya huta.

Abin da zan fi so ka gwada shi ne lokacin tsintar. A daidai wannan daƙiƙar ce mutum ya fi son sanin me ya ɗauka, yana tsaye a ɗakin da aka rubuta wasiƙar, ga gadon mai ita, ga taga a karye. Nuna masa layi biyu na farko nan take a gefen allo ba tare da wasan ya tsaya ba, da maɓalli ɗaya na buɗe sauran. In layi biyun sun kama shi zai danna. In ka bari sai ya shiga menu, ya shiga kundi, ya nemi rukuni, ya nemi shafi, kowane danni mutane kake zubarwa a hanya.

Kuma don Allah ka ba kowane shafi suna. Kundin Dragon Age: Origins na 2009 rubutunsa na da daɗi, amma ƙananan akwatuna ne masu lamba a jere. In kana neman wani abu da ka karanta jiya, sai ka yi ta danna su ɗaya bayan ɗaya.

Malam Dattijo:
Na yarda da Tauraruwa ɗari bisa ɗari. Inda ban yarda ba shi ne maganar Ɗan Tsintuwa ta nuna lissafi.

Lamba tana tona asiri. Wasan Gajere na gano abin da ya faru ne. In mutum ya ga 58 cikin 64, ya san an kusa gamawa, duk wata fargabar abin da ke gaba ta tafi. In ya ga rukunin "Mutane" da gurabe tara kuma ya haɗu da takwas, ka riga ka faɗa masa akwai wani a ɓoye. Abin da ya fi wannan, lamba tana sauya abin da mutum yake nema. Da yana neman sanin me ya sami yarinyar da ta rubuta wasiƙar farko. Yanzu yana neman 64. Sai ya riƙa shiga ɗaki yana goga jiki da bango yana jiran alamar ɗauka ta fito, ko kallon ɗakin ba ya yi.

Ku dubi Outer Wilds na 2019. Kwamfutar jirginka na sararin samaniya tana ajiye abin da ka gano a katuna, da kibiyoyi da ke haɗa su. In ka karanta a wani wuri cewa akwai wani kogo a wata duniyar, sai kati mai alamar tambaya ya fito, kibiya ta nuna daga inda ka ji labarin. Gurbi ne na kulle, amma bai fito ba sai da ka ji ƙishin-ƙishin ɗinsa da kanka. In kuma ka bar wani abu a wurin da ka riga ka je, akwai 'yar alama da ke cewa da sauran abin dubawa a nan, ba ta faɗa maka guda nawa ba. A wasan da komai ke komawa farko bayan minti 22, wannan kundin shi ne kusan duk abin da kake tarawa.

Ɗan Tsintuwa:
Malam, da girmanka, amma kana magana ne kamar kowa yana da lokacin yawo ba iyaka. Ni in na dawo daga aiki awa ɗaya nake da ita. In ban san ko saura ɗaya ko saura ashirin ba, kuma ban san a wane yanki suke ba, ba zan tsefe tsibiri guda ba. Zan buɗe intanet in nemi taswirar da wani ya zana, in riƙa bi da waya a hannu. To wanne ya fi kashe armashin, lamba a menu ko wannan?

Malam Dattijo:
Wannan gaskiya ce, ban musa ba. Amma abin da kake buƙata a awa ta goma sha biyar ba shi ne abin da kake buƙata a awa ta farko ba.

Tauraruwa:
Ai kun zo wuri ɗaya ba ku lura ba. A raba lissafin yanki-yanki. Kafin mutum ya taka wani yanki, babu shi a kundin sam. In ya shiga, sai rukunin ya bayyana. In ya gama babban abin da ke yankin, sai a nuna masa 5 cikin 7. Jimillar duka kuwa a riƙe ta sai bayan ƙarshen labari, lokacin babu sauran asirin da za ta tona. Wanda bai son lambar ma a ba shi wurin kashe ta.

Gurbin kulle kuma kada ya zama alamar tambaya uku kawai. Sa masa ɗan haske: "Wasiƙar da ba a aika ba, wajen tashar jiragen ruwa." Ka ba shi dalilin nema da wurin nema a layi guda.

Ɗan Tsintuwa:
Wannan na karɓa. Sai dai a bar hanyar komawa kowane yanki. In kuma dole wani wuri ya rufe saboda labari, a yi irin na Breath of the Wild: hoton da ka rasa na kundinsu, akwai wani a ɗakin bincike da zai sayar maka da kuɗin cikin wasan. Ba daɗinsu ɗaya da wanda ka ɗauka da kanka ba, amma gurbin ya cike.

Anti Alƙalami:
Bari in dawo kan rubutun, don shi ne ya fi damuna. Gajere, wa ya rubuta kundinka? Ba kai nake nufi ba, a cikin duniyar wasan.

Kundin da ya fi zama a raina shi ne na Hades. Achilles, malaminka na faɗa a wasan, shi ne ya ba ka shi, kuma shi ya rubuta, da muryarsa, da ladabinsa, da wuraren da yake kauce wa magana. Shafin mutum ba ya buɗewa gaba ɗaya, yana ƙaruwa ne gwargwadon yadda kake cuɗanya da shi. Sai ka ga kana karanta shafin wani ba don bayaninsa kaɗai ba, har don ka ji me Achilles zai ce a kansa. A The Witcher 3 ma bayanan mutane Dandelion, mawaƙi abokin jarumin wasan, shi ne ya rubuta su, da son kansa da ƙarin gishirinsa. In marubucin kundi mutum ne, zai iya yin kuskure, zai iya ɓoye abu, wani shafin ya zo ya ƙaryata shi. A nan ne mai wasa yake fara tunani da kansa.

Kai da kake da wasiƙu ai ka fi kowa sa'a. Ɗauki shafin nan mai kalma 400 ka yanka shi uku. Guntun farko a ɗakin kwana: tana cewa ba za ta bar gidan ba ko da kowa ya tafi. Na biyu a aljihun rigar da ke rataye a makaranta. Na uku a bakin ruwa, rubutun ya karkace, tawada ta jiƙe. A kundin kuwa su haɗu a shafi guda, da giɓi a inda guntun da ba a samu ba zai zauna, har jimlar ta yanke a tsakiya. Wanda ya karanta rabin jimla ba sai ka sa masa jan ɗigo ba.

Gajere:
Wallahi Anti tsigar jikina ta tashi. Akwai wata mata a labarin da wannan ya dace da ita sak.

To batun lada fa? Na yi tunanin in riƙa ba da wani abu ga wanda ya buɗe shafi. Na tuna Mass Effect na 2007 yana ba da makin ƙwarewa in ka gano sabon bayani.

Malam Dattijo:
A can ladan na ganowa ne a cikin duniyar, ba na buɗe menu ba. In ka biya mutum don ya danna shafi, dannawa ka saya. Abin da ya fi shi ne bayanin da kansa ya yi amfani. Kundin dodanni na The Witcher 3 yana faɗa maka man da za ka shafa wa takobi da tsafin da ke yi wa kowane dodo illa, don haka kafin faɗa kai da kanka za ka buɗe. A naka, wata wasiƙa ta ambaci inda ake ɓoye makulli a ƙarƙashin tukunyar fure. Sau biyu ko uku in karatu ya buɗe wa mutum ƙofa, zai riƙa karanta sauran. Amma ƙofar ta zama ta ɗakin gefe, ba babbar hanya ba, kada wanda bai karanta ba ya maƙale.

Abin da zan ce ka ara daga Mass Effect shi ne rabon da suka yi: manyan bayanai da murya ke karantawa, da ƙananan da rubutu ne kawai. Mai wasa ya san wanne ne ginshiƙi.

Yanzu ga maganar kod, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, don ta taɓa cin ni. Kada ka ajiye abin da mutum ya buɗe da lambar jeri. Na taɓa yin haka, fayil ɗin ajiya yana cewa an buɗe 3 da 7 da 12. Bayan wasan ya fita na ƙara shafi ɗaya a tsakiya, komai ya gusa da ɗaya. Washegari wani ya turo min hoton allonsa: shafin da ke bayyana ƙarshen labari a buɗe, shi kuwa bai kai rabi ba. Ba abin da zan iya yi in mayar masa da abin da na ɓata. Ka ba kowane shafi suna na dindindin da ba ya sauyawa, shi za ka ajiye. Ka raba hali uku: an ji labarinsa, an samu, an karanta. Rubutun kuma ya zauna a fayil dabam, ba cikin kod ba, saboda ranar fassara. Jimlar da ta cika akwati daidai a wani harshe za ta yi ambaliya a wani, don haka akwatin ya iya miƙewa.

Ɗan Tsintuwa:
In za ka sa murya, ka bar ta ta ci gaba ina tafiya. BioShock yana da faifan murya 122, kuma abin da ya sa na saurare su shi ne ba sa tsayar da ni. Wasu wasannin da ka rufe menu muryar ta yanke, sai ka zauna kana kallon allo kamar mai jiran layi. A sa rubutu a ƙasa kuma, ba kowa ke ji da kyau ba, ba kowa ke iya ƙure sauti ba.

Tauraruwa:
Ƙari ɗaya. Final Fantasy XVI na 2023 ya gyara abin da Anti ta ambata: ana cikin nuna labari za ka iya dakatarwa, sai a fito maka da 'yan bayanai kan mutane da wuraren da ke wannan fage kaɗai. Tyranny na 2016 kuma kalmomi masu launi ne a cikin hira, ka ɗora linzamin kwamfuta a kai bayani ya fito. A wasanka, in wasiƙa ta ambaci sunan da aka taɓa gani, a iya danna sunan a koma wancan shafin.

Gajere:
Na dawo bayan kwana tara. Ga abin da na yi. Dalilin watsewar na fitar da shi daga shafi na 51, yanzu ana ganinsa a bangon ɗakin taro, jerin sunaye da ranakun da aka soke su ɗaya bayan ɗaya. Shafin ya koma wasiƙar mutumin da ya riƙa sokewar. Jan ɗigo ya bar allon wasa. Wasiƙun matar nan na yanka su uku kamar yadda Anti ta ce. Malam, na duba, da lambar jeri nake ajiyewa, na gyara tun kafin ta cije ni.

Mutum biyu sababbi suka gwada. Ɗaya bai buɗe kundin ba ko sau ɗaya, amma da ya gama ya faɗa min abin da ya faru a tsibirin daidai. Ɗayar ta samu guntu biyu na wasiƙar, ta bar hanyar da take bi, ta koma baya tana duba kowace riga da ke rataye. Minti ashirin tana nema, na uku kuwa yana bakin ruwa, yankin da ba ta kai ba tukuna.

Shi ne ya sa na sake dawowa. Ta ɓata lokaci a wurin da babu shi. In rubuta a giɓin cewa yana gaba, ko in bar ta?

Malam Dattijo:
Kada ka rubuta da bakinka. Guntu na biyu ya ƙare da ita tana cewa gobe za ta sauka wajen jiragen ruwa.

Anti Alƙalami:
Ka yanke jimlar bayan kalmar "jiragen". Turo min guntun in gani kafin ka saka.